Harba-ka-ruga: tarihin bindiga mai harbi ɗaya a ƙasar Tasawa da Mayahi

A wasu gidajen maharba na ƙasar Tasawa da Mayahi akan tarar da doguwar bindiga rataye a bango, tsatsa ta ci bakinta, an ɗaure kotarta da fata. Wasu na kiranta adaka, wasu bindigar toka, masu barkwanci kuwa harba-ka-ruga, domin in ta tashi sau ɗaya ba ta sami nama ba, sai mai ita ya nemi mafaka. Wannan ƙarfe da yara ke yi wa dariya shaida ne na yadda mulki ya sauya hannu a ƙasar.

A ƙarni na 19 Tasawa zango ce a kan hanyar ayarin da ke saukowa daga Abzin zuwa Katsina da Kano, kuma ta nan matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi a watan Janairu na 1851. A zamanin, ƙarfin yaƙi yana ga doki da mashi da baka. Bindiga kayan sarauta ce, mai tsada, wadda fatake ke kawowa daga Tarabulus ko daga bakin teku. A gabas, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi sarauta har 1884, ya tara bindigogi masu yawa, ya sa ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a birninsa, maƙwabta suka shiga shakkarsa.

Aikin adaka yana da jinkiri. Ta baki ake zuba mata albarushi, a tura tsumma, a sa harsashi ko guntayen ƙarfe, a danna da sanda, sannan a ja kunama ƙanƙara ta ƙyasta wuta. Ruwan sama yakan kashe ta, hayaƙinta yakan tona inda maharbi yake. Saboda haka maharba da yawa suka ci gaba da amincewa da kibiya mai dafi, wadda ba ta da ƙara.

A Turai kuwa an riga an wuce nan. A 1874 Faransa ta fito da bindigar Gras. Ita ma harsashi ɗaya take ɗauka, amma ta baya ake ɗura shi, a cikin kwanson ƙarfe wanda ya haɗa albarushi da harsashi wuri guda, ga kuma zane a cikin bututun da ke sa harbi ya tafi nesa ya miƙe. Kafin mai adaka ya gama ɗuri ɗaya, mai Gras ya yi harbi da dama. Samori Ture ya gane wannan bambanci, har maƙeransa suka koyi kwaikwayon ta. Turawa ma sun gane: yarjejeniyar Burusel ta 1890 ta taƙaita sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ke nan zaman adaka a hannun talaka har da dokar da aka rubuta a wata nahiya.

Ƙasar Tasawa ta ga sakamakon haka a 1899. Rundunar Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, wadda aka tura zuwa tafkin Cadi, ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, daga Lugu ta Sarauniya zuwa Birnin Konni, har Koran Kalgo. Masu baka da ƴan tsirarun masu adaka ba su iya tsayar da ita ba. Abin da ya tsayar da ita daga cikinta ya fito. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa sojojinsa suka harbe Laftanar-Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya karɓe ragamar rundunar. Bayan kwana biyu sojojin nan baƙar fata suka juya bindigoginsu: Chanoine ya faɗi ranar 16, Voulet ranar 17. Kaburburansu suna Maijirgi. Sauran rundunar ta wuce gabas, ta yi karo da mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, ta shiga Damagaram a ƙarshen watan.

Da mulkin mallaka ya zauna, adaka ta bar fagen fama ta koma daji da fada. Maharban kwarin Gulbin Kaba suka riƙe ta don farauta da tsaron gona, ƴan bindigar sarki suka riƙe ta don amon sallah da naɗin sarauta, maƙeran gari suka ci gaba da gyaranta, daga baya har suna ƙera sabuwa da bututun ƙarfe.

Yau waɗannan tsofaffin bindigogi suna ƙarewa. Namun daji sun yi ƙaranci, dattawan da suka san asalin kowace ɗaya suna rasuwa, magada kuma kan sayar wa masu gwangwan. Rashin tsaro a bakin iyaka ya sa duk wani makami ya zama abin zargi, kuma hukuma na da hujjar sa ido. Amma kafin a narkar da abin gado, ya kamata a rubuta labarinsa.

Wannan aiki bai fi ƙarfin malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ba. Da izinin hukuma da na sarakunan gargajiya, ana iya zagaya gidajen maharba da maƙera, a ɗauki hoton kowace bindiga, a auna tsawonta, a duba tambari ko lambar da ke jikinta, a tambayi wa ya fara riƙe ta, daga ina ta zo, da wane kirari ake yi mata. Wadda iyali suka yarda su bayar, a nema mata wuri a fadar gari ko a gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai. Ɗalibin da ya ga adaka da idonsa, aka nuna masa yadda ake ɗura ta, ba zai ƙara tambayar dalilin da ya sa kakanninsa suka kasa tare rundunar 1899 ba.