Daren Sha Biyu da Daren Goma ga Azumi

Yau Ingila za mu, amma ta Gaya za mu bi.

Ina yaro, idan azumi ya kwana goma, da an sha ruwa an yi asham sai mu fita tashe. Akwai wani abokina da kullum shi ake ɗaura wa zani da kallabi, a cusa masa tsumma a ƙirji, ya maƙe murya ya yi ta rangwaɗa, matan gida suna dariya har da riƙe ciki. 'Yan uwanmu na Ajingi ma haka suke yi. Da na shiga sakandare aka ɗora mana Shakespeare, sai na ɗauke shi wani dodon jarrabawa mai Turancin da ko malaminmu sai ya leƙa ƙamus. Ban taɓa kawowa a raina cewa sana'arsa da wasan abokina 'yan gida ɗaya ba ne.

To ku ji yadda abin yake. An haifi William Shakespeare a 1564, ya mutu a 1616. Wato galibin wasanninsa ya rubuta su ne a zamanin da Muhammadu Zaki ke sarautar Kano. Gidan wasan ƙungiyarsu, Globe, an gina shi a 1599 a tsallaken kogin Landan, inda hukumar birnin ba ta da iko, don mahukuntan birnin ba sa ƙaunar 'yan wasa. Rufin ciyawa ne, tsakiyarsa fili babu rufi. Talaka ya ba da kwabo ɗaya ya tsaya da ƙafarsa, yana ciye-ciye, yana ihu idan abu ya yi masa. A 1613 ma ana tsakiyar wasa aka harba igwa, wuta ta kama ciyawar, gidan ya ƙone ƙurmus.

Mace kuwa ba ta hawa dandamali. Duk wata gimbiya ko budurwa da kuka karanta a littattafansa, yaro ne da muryarsa ba ta buɗe ba yake fitowa a matsayinta. Kun ga abokina ke nan!

Wasan da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara da sunan Daren Sha Biyu, kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1971. Sunan daga al'adarsu yake: dare na sha biyu bayan Kirsimeti, daren da ake sakin jiki, bara ya yi wasa da ubangidansa ba a ga laifinsa ba. Kamar dai yadda ɗan tashe zai tsokani gwauro ko ya kwaikwayi dattijo mai furfura, a yi dariya a wuce. A cikin wasan, wata budurwa ta ɓad da kama ta zama namiji, har wata mai dukiya ta kamu da sonta. Ku lissafa: yaro ne ya zama mace, macen ta koma namiji. Wani ɗalibin lauya ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa ya kalli wasan a Landan ranar 2 ga Fabrairu, 1602.

Sai dai akwai masu tsananin ra'ayin addini da ake kira Furitan, waɗanda suke ganin wasan kwaikwayo ɓata tarbiyya ne, musamman shigar mata da maza ke yi. A 1642 majalisa ta rufe gidajen wasa duka, ba a buɗe ba sai 1660, kuma daga nan ne mata suka fara hawa dandamali. Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce gare mu. Mun ga yadda aka janye maganar dandalin fim na Kofa a 2016, mun kuma ji 'yan sanda suna hana tashe a Kano a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba. Ni dai ban ce masu ƙorafin ba su da hujja ba, wanda aka ƙwace wa waya da sunan tashe ya san abin da ya gani.

Abin da ya ceci Shakespeare takarda ce. A 1623 abokan wasansa biyu suka tattara wasanninsa 36 suka buga a littafi guda, 18 daga ciki ba a taɓa buga su ba, har da Daren Sha Biyu. Da aka rufe dandamali, littafin yana nan. Yau an sake gina Globe, an buɗe a 1997, kuma a 2012 aka yi wasanninsa cikin harsuna 37 a wurin. Yarbanci ya je daga Legas, Suwahili ya je daga Nairobi. Hausa ba ta je ba, alhali fassararmu ta shekara arba'in a lokacin.

Azumin bana na tambayi yaran unguwarmu wasannin tashe nawa suka iya, suka lissafa huɗu. Mu mun fi goma. Don haka duk wanda ya tuna wanda ake yi a garinsu, Gaya ne ko Ajingi ko wani wuri, ya rubuto mana yadda ake shigar da abin da ake yi, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.