Rigimar Malami Da Ɗalibi Da Har Yau Take Cikin Wayarka

Yau ba koyon wani saiti za mu yi ba, ɗan tarihi ne.

Kowace waya tana da kanel, wato tushen manhajar da ke shiga tsakanin manhajojinka da kayan ƙarfen ciki, su furosesa, ram, kyamara da sauransu. A watan Janairun 1992 wani farfesa a Amsterdam, Andrew Tanenbaum, wanda ya rubuta MINIX, ya fito fili ya ce Linux tsohon yayi ne. Wanda ya ƙirƙiri Linux ɗin, Linus Torvalds, lokacin ɗalibi ne a Helsinki, shekararsa 22 kacal.

Linux dunƙulallen kanel ne. Direbobi, tsarin fayil, hanyar sadarwa, duk a ɗaki ɗaya suke, kowa na iya taɓa kowa. Farfesa ya ce a'a, a bar kanel ƙarami, a ba kowane direba ɗakinsa, su riƙa aika wa juna saƙo, idan ɗaya ya mutu a tashe shi kawai. Har ya ce da Linus ɗalibinsa ne, ba zai samu maki mai kyau ba. Mu masu gyara mun san abin da yake tsoro: direba ɗaya ya rikice, waya gaba ɗaya ta ɗauke ta dawo kan logo.

To amma aika saƙon nan ba kyauta ba ne. Kowane saƙo sai furosesa ta bar wannan ɗaki, ta ratsa kanel, ta shiga wancan. Mach na jami'ar Carnegie Mellon ya sha wannan nawa, har mutane suka yanke cewa ƙaramin kanel ba ya sauri. Sai Bajamushe Jochen Liedtke ya rubuta L4, ya nuna laifin na yadda aka gina Mach ne, ba na tsarin ba.

A kasuwa dai Linus ya ci, Android ɗinka kan Linux take. iPhone kuma gauraye ce, Mach da BSD a haɗe. Amma a ganina farfesa bai faɗi ba. Sashen da ke tsare makullan sirrinka a iPhone, L4 yake amfani da shi. A 2017 kuma aka gano MINIX na aiki a ɓoye cikin guntayen Intel, shi kansa Tanenbaum a labarai ya ji.