Kafireto da Maƙeransa: Yadda Tsoffin Taraktoci Suka Daɗe a Gona

Wanda ya ratsa rumfunan kayan gyara a Akodesewa, ko lungunan da ke kewaye da kasuwar Asigame, zai ga ƙarafa a jibge kamar ba su da asali. Suna da shi kuwa, kuma wani reshe na asalin nan a gona ya tsiro.

Taraktocin da suka fara yawa a Afirka bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba duka ne masu shan gas ba. Shahararriyar cikinsu, Ferguson TE20, wadda aka ƙera fiye da 500,000 a Koventiri ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, da fetur ta fara aiki. A 1949 aka fito da mai tanki biyu: a tayar da fetur, in inji ya yi zafi a juya shi zuwa wani nau'in kananzir mai araha. Mai shan gas ta kamfanin ba ta fito ba sai 1951. Saboda haka ran waɗannan injuna yana cikin kafireto, ɗan kaskon nan da bai wuce dunƙulen hannu biyu ba, wanda ke gauraya mai da iska, kusan kashi 1 na mai ga kashi 15 na iska bisa nauyi.

A nan ƙasarmu ta yi musu wuya. Ƙurar hunturu kan toshe ƙananan ramukan da mai ke bi, ruwan da ke cikin duro ya kwanta a gindin kaskon, tulun tagullar da ke iyo a ciki ya huje ya nutse, sai mai ya yi ambaliya. Abin da ya lalace bai kai farce ba, amma kafin a aiko da shi ta jirgin ruwa damina ta wuce. Shirin noman Mokwa, wanda Turawan Ingila suka buɗe a 1949 suka rufe a 1954, yana da dalilan faɗuwa da yawa, kuma wahalar riƙe injuna a irin wannan daji tana cikinsu.

Wanda ya toshe wannan giɓi shi ne maƙeri da ya koma bakanike. Ba abin mamaki ba ne, domin hannun da ya gaji zubin tagulla da ƙirar linzami bai rasa dabarar abu mai siririn rami ba. Takardar da ke hana yoyo tsakanin ƙarfe biyu, kwali mai kauri ake ɗorawa a bakin kaskon, a riƙa ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma har gefen ƙarfen ya yanke siffarsa da kansa. Tulun da ya huje a tsoma shi a ruwan zafi, inda kumfa ya fito nan ne ramin; a tsiyaye man, a liƙe da dalma kaɗan, don in ta yi yawa tulun ya yi nauyi, awon mai ya ɓaci. Allurar da ke tsayar da mai a goge ta a mazauninta har su dace. Ramin mai kuwa gwani ba ya zura masa waya, hura shi yake yi, domin ƙarin faɗin da ido ba ya gani ya isa ya sa inji zuba baƙin hayaƙi. A ganina, a wannan haƙurin ake bambance gwani da mai kwance-kwance.

Kasuwanni suka tashi a kan wannan sana'a: Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Katako a Yamai, Suwame a Kumasi. Lome kuma ta zama ƙofa, tun da aka buɗe tashar jiragen ruwanta a 1968, tsoffin motocin Turai da kayansu suka riƙa sauka suna bin hanyar arewa, wadda fataken goro da shanu suka riga kowa sani.

Shekarar 1977 ta haɗa mana abu biyu. A cikinta gwamnatin Togo ta ƙaddamar da shirinta na bunƙasa noma ta shigo da taraktoci, a cikinta kuma aka rushe tsohon Zango aka mayar da mutanensa Aguwe, nesa da kasuwar da suke ci daga gare ta. Taraktocin wannan zamani masu gas ne, famfon mai suke da shi a maimakon kafireto, sai ilimin ya ƙaura zuwa Fijo 404 da 504, da injin ban-ruwa, da janareta, daga baya da baburan zemijan. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin kayan waje ya ninka, masu gyara suka sake samun kasuwa.

Yau sababbin motoci kwamfuta ke auna musu mai, kafireton babur kuma daga Sin yake zuwa ɗungurungum da araha, har yaron shago ya fi son ya cire ya jefa wa 'yan gwangwan. Dattawan da suka san awon tulun Ferguson da ido sun yi ƙaranci, kuma ba a takarda suka ajiye shi ba.