Agwagwar Salter: Yadda Lissafin Takarda Ya Nutsar Da Wutar Teku

Kwanan nan duk inda aka yi zancen wutar lantarki sai ka ji wani ya ce ai ƙasa kaza tana da ƙarfin megawat dubu kaza a iska ko a teku, kamar an riga an ja waya an kunna. Jama'a, ku zo in ba ku labarin yadda irin wannan ƙiyasi ya taɓa kashe wani aiki a Birtaniya.

A 1973 ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai, farashi ya ninka kusan sau huɗu, Turai ta shiga taitayinta. A lokacin ne wani injiniya a Jami'ar Edinbura da ke Sikotland, Stephen Salter, ya mai da hankalinsa kan igiyar ruwan teku. A 1974 ya wallafa bincikensa a mujallar Nature. Na'urar da ya ƙera tana shawagi a kan ruwa, tana sunkuyawa tana ɗagowa duk lokacin da igiya ta buge ta, shi ya sa aka laƙaba mata suna agwagwa. A tankin gwaji ta riƙa kama kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin igiyar. Ruwa ya zo da hauka ta gabanta, ta bayanta kuma ya kwanta luf.

To amma ƙarfi nawa ne a cikin tekun shi kansa? Ana auna igiya ne da kilowat a kowace mita ta faɗinta. Alƙaluman farko daga wani jirgin lura da yanayi aka samo su, can tsakiyar Atilantika, kuma sun nuna kusan kilowat 80 a mita. Da aka sa na'urorin awo kusa da gaɓa, yamma da tsibirin Uist ta Kudu, sai adadin ya sauko tsakanin 40 da 50. Duk da haka ba ƙaramin arziki ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne, idan tsayin igiya ya ninka biyu, ƙarfinta sau huɗu yake ninkawa. Kun ga ke nan dole ka gina na'urar da za ta jure guguwar hunturu, alhali kuɗinta daga ruwan yau da kullum za ta mayar.

Gwamnati ta buɗe shirin bincike, amma da wani sharaɗi mai ban mamaki: kowace tawaga ta zana tashar megawat 2,000, da ita za a auna farashi. Fasahar da ko rarrafe ba ta fara ba, an ce ta yi tsere da doki. Sannan ofishin da ke kula da ƙiyasin, ETSU, a Harwell yake zaune, wato cibiyar hukumar makamashin nukiliya ta ƙasar. Ni dai ban ce an yi maguɗi ba. Amma an ba kura ajiyar nama, ko da kurar ta yi azumi a ranar, mutane sai sun yi magana. Ku tuna a Disamban 1979 gwamnatin Margaret Thatcher ta sanar da babban shirin gina tashoshin nukiliya, ga kuma man Tekun Arewa ya fara shigowa, tsoron 1973 ya lafa.

A Maris na 1982 kwamitin da ke ba gwamnati shawara ya yi zama a rufe, aka yanke cewa wutar igiya ta yi tsada, aka tsuke bakin aljihu. Salter bai yi shiru ba. Ya yi shekaru yana cewa an kumbura farashin kayan gini, an kuma zuzuta yawan lalacewar wayoyin ƙarƙashin ruwa. A 1988 maganar ta kai gaban wani kwamiti na Majalisar Dattawan Birtaniya, inda wani injiniya da ya duba agwagwar ya ce an sauya sakamakon rahotonsa. Kafin nan tawagogi sun watse, matasan injiniyoyi sun kama wasu ayyuka. Shirin nukiliyan da aka fifita kuwa, tasha ɗaya tal ya haifar, Sizewell B, wadda ta fara aiki a 1995.

Yanzu ku dubi Denmak. A 1991 suka kafa injinan iska 11 a cikin ruwa a Vindeby, jimillarsu ba ta kai megawat 5 ba. Wasa-wasa suka yi shekara 25 suna juyawa, ana auna iska, ana ganin abin da gishiri ke ci, ana gyara lissafi da abin da ido ya gani. Daga irin wannan ƙaramar farawa aka kai ga Hornsea 2 a gaɓar Ingila, mai megawat 1,300 da 'yan kai, kuma kamfanin Denmak ne ya gina ta.

Kar fa wani ya ɗauka da an bar agwagwa da yanzu ta haska duniya. Teku ba kanwar lasa ba ce. Richard Yemm, wanda ya yi karatu a sashen Salter, ya ƙera Pelamis, na'ura mai kama da maciji. An kafa guda uku a gaɓar Fotugal a 2008, cikin 'yan watanni aka janye su, kamfanin kuma ya durƙushe a 2014. Mai yiwuwa masu ƙiyasin 1982 sun yi daidai a kan tsadar. Abin da na kasa yafe musu shi ne sun yanke hukunci kafin ko agwagwa ɗaya mai cikakken girma ta taɓa ruwan gishiri. Salter ya rasu a Fabrairun 2024 yana da shekara 85, kuma har ya koma ba a gwada ta ba.