Baitulmalin Kano: Tarihin Kuɗin Talaka da Hidimomin da Aka Fifita

Baitulmali kalma ce ta Larabci mai ma'anar gidan dukiya, kuma a tarihin mulkin Kano ita ce sunan ma'ajiyar kuɗin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawan Ingila suka gina a kan masarautar bayan sun ci birnin a watan Fabrairun 1903. Tun daga wajen 1911 har zuwa 1976 wannan gida ne yake karɓar harajin talakawan ƙasar Kano, yana tsara kasafin shekara, wato lissafin abin da ake sa ran samu da abin da za a kashe a kan kowace hidima, kuma daga cikinsa ake biyan sarki da hakimi da alƙali da ɗan doka da malamin makaranta. Yadda aka jero waɗannan ma'aikata a nan kusan haka kasafin ya jera su wajen fifiko, kuma wannan tsari, wanda ya sa mai kama mutum a gaban mai koyar da shi, ya bar wa birnin gadon da unguwanninsa suke ɗauke da shi har yau.

Kafin zuwan Turawa ana biyan kuɗaɗe iri-iri a ƙasar Kano, galibi da wuri ko da hatsi. Akwai kuɗin ƙasa a kan magidanta, da zakkar amfanin gona, da jangali a kan shanun makiyaya, da kuɗin karofi a kan ramukan marina, da kuɗin rafi a kan masu noman lambu. Hakimai suna zaune a cikin birni, jakadunsu ne suke fita ƙauyuka su tattaro, kuma duk hannun da kuɗin ya bi ta kansa sai ya gutsiri rabonsa kafin ragowar ta isa fada, inda babu wata katanga tsakanin aljihun sarki da dukiyar ƙasa. Ilimin yara bai rataya a kan wannan dukiya ba, domin makarantar allo tana rayuwa ne da kuɗin Laraba da iyaye suke bai wa malam, da sadakar maƙwabta, da aikin da almajirai suke yi a gonarsa. Tsaron gari kuwa yana hannun sarakunan ƙofa, masu rufe ƙofofin ganuwa da dare, da masu unguwanni waɗanda babu baƙon da zai kwana a lungunsu ba su sani ba, da dogaran sarki masu kamu da horo.

Gwamna Lugga ya fitar da dokokin haraji a 1904 da 1906 waɗanda suka dunƙule yawancin waɗancan kuɗaɗe suka zama haraji guda, aka bar jangali yana cin gashin kansa. Razdan na farko a Kano, Dokta Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Mai Gunduma, shi ne ya yanyanka ƙasar zuwa gundumomi ya kuma tilasta wa hakimai barin birni su tare a cikinsu. Bayansa aka shigo da tsarin taki, inda malamai suke auna gona da takun ƙafa domin a yanka mata haraji gwargwadon faɗinta. Dabarar Baitulmali kanta a Katsina ta fara, a hannun H. R. Palmer, sannan ta iso Kano a zamanin Sarki Abbas da Razdan C. L. Temple. Ƙa'idarta ita ce a raba harajin gida biyu, rabi na gwamnatin Turawa, rabi na En'e, sannan a yanka wa sarki da sauran masu sarauta albashi tsayayye daga rabin na En'e a maimakon kason da suke ɗiba a da, abin da ya saura kuma a yi wa jama'a aiki da shi. A ƙarshen shekarun 1920 aka ɗaga rabon manyan ma'ajiyoyi irin ta Kano zuwa kashi 70 cikin 100.

Babu adalci a musanta cewa wannan ci gaba ne, domin a karon farko an sami littafin da Ma'aji yake rubuta shige da ficen kuɗi, wanda mai bincike zai iya buɗewa ya tuhumi wani a kai. Amma mai binciken Bature ne, kasafin ba ya aiki sai Razdan ya amince, kuma mutumin da ya biya kuɗin ba shi da kujera a wurin da ake raba su. Ƙari a kan haka, an wajabta biyan harajin da kuɗin Turawa, fam da sule da kwabo, abin da ya ingiza manomi zuwa noman da zai sayar. Da titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, Baitulmali ta yi ƙiba, duk da cewa a 1913 zuwa 1914 yunwar da ake kira Kakalaba ta kashe mutane masu yawa a ƙasar Hausa ba tare da kasafin ya tanadi wani abin kirki domin irin wannan rana ba.

Bayan albashin masu sarauta, abin da ya fi samun kulawa shi ne doka da oda. An gina gidan yari a Kurmawa kusa da fada, an sa alƙalai a kan albashi, tarar da suke ci kuma tana komawa Baitulmali a matsayin kuɗin shiga. A tsakiyar shekarun 1920 aka ware wata runduna daga cikin aikin dogarai domin birni, aka kira ta 'yan gadi, wadda daga baya ta zama 'yan doka masu kaki da fareti, kuma aka ɗabi'antu da ɗora ɗan sarki a kanta domin ta sami kwarjini. Ado Bayero ya riƙe wannan muƙami na Wakilin Doka daga 1957 zuwa 1962, kafin ya tafi jakadanci Senegal. Ɗan doka yana da wata daraja da bai kamata a manta ba, ita ce ɗan gari ne, ya san harshe, ya san lunguna, ya san iyayen yaron da ya kama. Sai dai ma'anar tsaro a wancan kasafi ta haɗa da raka mai karɓar haraji da kamo wanda ya kasa biya, kuma da siyasar jam'iyyu ta zo, 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari suka zama sandar da ake dukan 'yan hamayya da ita.

Makaranta ta zo a baya, kuma ko da ta zo, an yanka ta ne daidai da buƙatar hukuma. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, inda aka koyar da malamai da 'ya'yan sarakuna da masu koyon sana'a, ma'ajiyoyin masarautu kuma suka taimaka da kuɗi. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921 aka kuma yi bikin buɗe ta a 1922, ta zama wurin horar da malaman Arewa baki ɗaya. A Kano aka sami Makarantar Shahuci a 1928 domin masu shirin aikin shari'a, da Midil wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa, da Makarantar Koyon Shari'a ta 1934, wadda aka ɗauko mata malamai daga Sudan kuma ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A 1930 aka fara koyar da 'yan mata kaɗan a ƙarƙashin inuwar fada. Waɗannan makarantu sun yaye mutane masu nagarta, amma an gina su ne domin su samar wa En'e magatakarda da mufti da malamin haraji da malamin asibiti, don haka yawan ɗalibansu bai taɓa wuce yawan kujerun da ke jiransu ba sosai.

Akan ce iyaye ne suka ƙi boko, kuma akwai gaskiya a ciki, domin an sha tilasta wa dagatai su kawo yara elementare, wasu masu hali kuma suka riƙa ɓoye 'ya'yansu suna miƙa na barori. Amma wannan rabin labarin ne. Turawa sun hana 'yan mishan buɗe makarantu a cikin garuruwan Musulmi, wanda hakan ya sa nauyin ya koma kan gwamnati da En'e kaɗai, su kuma ba su ɗauke shi da gaske ba, domin da yawa daga cikin jami'an mulkin mallaka suna tsoron kada Arewa ta haifi irin 'yan bokon Legas masu jayayya da hukuma. Mafi muni shi ne makarantun allo, inda mafi yawan yaran Kano suke, an bar su a wajen kasafi kamar ba 'ya'yan masu biyan haraji ne a cikinsu ba.

Ba rashin kuɗi ne ya jawo haka ba, tun da Baitulmalin Kano ta fi kowace girma a Nijeriya kuma tana ajiye rara mai yawa, wadda ake zuba wani sashe nata a hannun jari a Ingila, aka kuma ɗebi gudummawa daga ma'ajiyoyin Arewa domin yaƙin 1914. Daga wannan rara ce aka yi aikin da ya fi kowane fice a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, wato jawo ruwa daga kogin Challawa da samar da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, bayan asibitin cikin gari da aka buɗe a ƙarshen shekarun 1920, wanda yanzu yake ɗauke da sunan Murtala Muhammad. Ruwan famfo ya ceci rayuka a garin da ya daɗe yana shan rijiya a gefen kududdufi, kuma ya cancanci yabon da ake yi masa. Amma manomin Gaya ko Rano ko Ɗambatta, wanda harajinsa ne ya sayi bututun, bai ga famfo a ƙauyensa ba, kuma a daidai shekarun da ake aikin farashin gyaɗa ya faɗi warwas saboda karyewar kasuwar duniya, harajin kuwa bai sauka daidai da faɗuwar ba. Irin wannan ne Hausawa suke kira kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Iyalan ma'aikatan da jirgin ƙasa da kamfanonin ciniki suka jawo sun zauna a wajen ganuwa, 'yan Kudu a Sabon Gari, 'yan Arewa a Fagge da Tudun Wada. Sabon Gari ba ta shiga ƙarƙashin En'e ba sai a 1940, kuma mazaunanta da kansu, ta hanyar majami'u da ƙungiyoyin ƙabila, suka gina wa 'ya'yansu makarantu. Tazarar ilimi da ta samun aiki da ta buɗe tsakanin matasan ɓangarorin biyu tana cikin itacen da ya rura wutar rikicin watan Mayun 1953.

A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Balewa ya gabatar da ƙudurin neman gyaran En'e a majalisar Kaduna, a cikin watan kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, kuma haraji da zaluncin masu karɓarsa suna kan gaba a kokenta. Dokar En'e ta 1954 ta ɗaure sarki da majalisarsa, an ƙara yawan makarantu, an kuma shiga Yaƙi da Jahilci domin manya, amma ikon raba kuɗi bai bar hannun masu sarauta ba. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa D. J. M. Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, binciken da ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963 da komawarsa Azare. Har yau ana muhawara a kan ko lissafi ne ya kayar da shi ko kuwa takun-saƙar da ke tsakaninsa da Sardauna Ahmadu Bello.

Mulkin soja ne ya warware En'e a hankali. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 aka karɓe kotuna, aka mayar da gidajen yari hannun tarayya a 1968, aka narkar da 'yan doka a cikin 'yan sandan Nijeriya, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin Baitulmali, ya bar sarakuna da ba da shawara. A wannan shekarar aka fara shirin firamare kyauta ga kowa da kuɗin man fetur, yara suka yi ambaliya a azuzuwan da ba su da isassun malamai. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe a 1977, sun nuna abin da kuɗin da aka kashe da niyya yake iya haifarwa, tun da daga cikinsu jihar ta sami likitoci da injiniyoyi masu yawa. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, a 1980 kuma ya kafa hukumar ilimin manya. Amma a watan Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ɓarke a 'Yan Awaki, inda ƙididdigar hukuma ta nuna mutuwar mutum 4,177, kuma mafi yawan mabiyan shi Maitatsinen gardawa ne da matasan ƙauye masu cin rani, wato jikokin ɗaliban da kasafin En'e ya bari a waje kusan shekara saba'in.

Soke haraji ya sauke wa talaka kaya mai nauyi, amma ya kuma tsinke igiyar da take ba shi bakin tambayar inda kuɗinsa ya tafi, domin yanzu kason wata-wata daga Abuja yake zuwa. Birnin da a da yake da ma'ajiya guda ya kasu tsakanin ƙananan hukumomi takwas, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, babu kuma wani kasafi ɗaya da ake kira na birnin Kano. 'Yan sanda na tarayya ne, Hukumar Hisba da aka kafa a 2003 ta jiha ce, albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, a unguwanni da dama kuma magidanta ne suke karo-karo su biya 'yan sintiri saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya. Kuɗin ƙananan hukumomin ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da tsarin mulkin 1999 ya tanada, wanda gwamnatocin jihohi suke riƙe da makullinsa, a ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye.