Shekarar da Kano Ta Ƙi Rigakafin Shan Inna

A 2003 gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, bisa jita-jitar cewa maganin yana hana haihuwa. Mukan kira wannan jahilci, amma tsoron yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu. Iyayenmu kuma suna tambaya: me ya sa ake kawo ɗigon shan inna kyauta har gida, alhali maganin zazzaɓi sai da kuɗi? Sai a 2004 aka ci gaba, da maganin da aka kawo daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta riga ta ƙetara zuwa ƙasashen da suka rabu da ita.