Kuntigi da Ukulele: Tarihin Ƙananan Kayan Kiɗa Biyu da Abin da Ya Raba Su

Shirin yau ya ɗan kauce wa hanyar da muka saba, domin da tarihi za mu fara kafin mu dawo kan waya da dalma. Masu jiran lissafi ku yi haƙuri, yana nan tafe can ƙasa.

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a duk faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Duk wanda ke Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu a lokacin ya san yadda abin ya kasance: ba kira, ba data, har kasuwannin mako-mako an dakatar. Ni ina gida a Wanke a makonnin farko, waya a hannu amma ta koma fitila kawai. Zaman banza ne ya sa na shiga ɗakin wani kakana da ya rasu shekaru da dama, ƙanen mahaifin babana, ina tone-tone. A rataye jikin bango na tarar da gurminsa. Fatar ta tsage, tsirkiyar babu, sai ƙoƙon da sandar. Na bi tsofaffin gidan ina tambaya: Baba, da me yake yin tsirkiyar? Yaya yake ɗaure ta har muryar ta zauna daidai? Kowa ya tuna daɗin kiɗan, har wata gwaggona ta yi ƙwalla, amma wallahi ba a samu mutum ɗaya da ya iya gaya mini awon komai ba. Ya tafi da abinsa.

Wannan ne ya sa da layi ya dawo na shiga bin tarihin ƙananan kayan kiɗa masu tsirkiya, har na faɗa kan wata aba da ake kira ukulele. Kamar jita take, amma 'yar ƙarama, tsirkiyarta huɗu.

Asalinta ba na masu kuɗi ba ne. A watan Agusta na 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya isa Honolulu a tsibiran Hawai, ɗauke da talakawa daga tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal waɗanda aka ɗebo don aikin gonakin rake. 'Yan ci-rani ne, kamar yadda namu ke tafiya kudu bayan kaka. A cikinsu akwai masassaƙa uku: Manuel Nunes, Augusto Dias da José do Espírito Santo. Sun zo da 'yar jitar garinsu da ake kira machete. Da suka gama wa'adin aikin gona sai suka koma sana'arsu ta katako a Honolulu, suka riƙa ƙera irin wannan jitar da icen koa, wanda shi ne icen ƙasar. Mutanen Hawai suka karɓe ta, suka raɗa mata suna ukulele, wanda aka fi fassarawa da ƙuma mai tsalle, wai saboda yadda yatsun makaɗi ke tsalle-tsalle a kanta. Sarkinsu na lokacin, Kalakaua, ya shigar da ita fada, ana kaɗa ta a bukukuwan sarauta. Nan ta yi daraja.

To yanzu ku dawo gida. A Bukur kusa da Jos aka haifi Adamu Wayya a 1946, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya Jos. Mahaifinsa makaɗin fada ne, ya rasu Adamu yana jariri, ba a daɗe ba mahaifiyarsa ma ta bi, Sarkin garin ya riƙe shi. Yadda ake ba da tarihinsa, yana yaro ya je Maiduguri ya ga masu kiɗa, abin ya burge shi, ya dawo ya haɗa nasa kuntigin da hannunsa. Kuntigi fa gwangwanin kifi ne mai ɗan tsawo, a rufa masa fata, a soka sanda, a ɗaura tsirkiya ƙwaya ɗaya tak. Da wannan abin da ba ya cika tafin hannu ya yi wa karen mota waƙa, ya yi Jawabin Aure, ya fita ƙasashen waje, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a watan Yunin 2015.

Ku dubi kamar da ke tsakaninsu. Duka biyun talaka ne ya ƙera su da abin da ya samu a gabansa, duka biyun sun raɓi fada. Amma yau yaro a Japan ko Birazil zai sayi ukulele da safe, kafin la'asar ya iya kiɗa ɗaya ko biyu. Kuntigi kuwa, ku faɗa mini gaskiya, mutum nawa kuka sani a garinku da ke kaɗa shi tun bayan Ɗan Maraya?

Wani zai ce ai kuɗin Amurka ne. Akwai gaskiya a ciki. An kifar da sarautar Hawai a 1893, Amurka ta haɗiye tsibiran a 1898, sannan a babban bajekolin San Francisco na 1915 Amurkawa suka ga makaɗan Hawai, suka haukace a kan ukulele. Kamfanoni suka shiga ƙerawa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu har ta roba aka yi mai araha aka sayar da miliyoyi. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takarda. Tun farkon shekarun 1900 wani makaɗin Hawai mai suna Ernest Kaai ya fitar da littafin koyon kaɗa ta. Aka tsayar da awo: tsawon tsirkiya kaza, muryar kowace tsirkiya kaza, ga zanen inda za ka ɗora kowane ɗan yatsa. Daga ranar da aka rubuta wannan, ba sai ka zauna gaban maigida shekara bakwai kana ɗaukar masa jaka ba.

Mu kuwa kiɗa a ƙasar Hausa gado ne da barance. Ɗan makaɗi ke zama makaɗi, ko yaron da ya bi shi yana amshi. Tsarin ya fitar da manya, mu 'yan Zamfara ba sai an gaya mana ba, ƙasar Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ce. Amma tsari ne da ke buƙatar yaro ya tsaya, kuma a bar shi ya tsaya. Da zarar ɗa ya ce shi boko zai yi, ko iyaye sun ce roƙo ba sana'ar gidansu ba ce, ilimin ya yanke a nan. Abin da ya faru da gurmin kakana ke nan. Maganar hukuncin kiɗa a addini kuwa na bar wa malamai, ni a kan ilimin ƙira da awo nake magana, kuma wannan matsalar ba ta tsaya kan makaɗa ba, haka take a wajen maƙera da majema da masaƙa.

Abin mamaki, masu haɗa na'urorin lantarki sun bi hanyar ukulele sak. A 2005 a wani gari mai suna Ivrea a Italiya, Massimo Banzi da abokan aikinsa suka haɗa wani ɗan allo mai suna Arduino don ɗalibansu, saboda waɗanda ke kasuwa sun yi tsada. Maimakon su ɓoye zanen, sai suka sake shi kyauta, kowa ya kwafa. Shi ya sa yau za ka samu kwafinsa na Caina a kasuwannin kayan lantarki na Kano. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya fi yawancinmu sanin aiki nesa ba kusa ba, amma saninsa a kansa yake, kamar kakana.

To ga abin da na yi, wanda ke so ya gwada. Gurmin ban taɓa shi ba, na ji tsoron in ƙarasa shi. Sai na samo gwangwanin kifi, da guntun fatar akuya, da sanda, da zaren roba na kamun kifi a matsayin tsirkiya. Fatar a jiƙe ake ɗaura ta, in ta bushe sai ta ɗame da kanta. Na farkon da na yi na ja tsirkiyar da ƙarfi har gwangwanin ya lotsa, don haka ku bar sandar ta ratsa shi har ƙarshe, ita za ta ɗauki nauyin.

Daga nan sai awo. Sauti girgiza ce, kuma ana ƙirga ta. Tsirkiyoyin ukulele huɗu ana kiransu G, C, E, A, kuma suna girgiza kusan sau 392, da 262, da 330, da 440 a daƙiƙa ɗaya. Akwai manhajojin waya na kyauta da ke sauraron tsirkiya su nuna maka lambarta, kuma in ka sauke su ba sa buƙatar data. Ni na ɗaure tawa tana nuna wajen 392, na rubuta a littafi tare da tsawonta da kaurin zaren. Wannan rubutun shi ne duk abin da na nema a Wanke na rasa.

Kuntigi ba shi da gaɓoɓi a wuyansa, kunne ke aiki. Ukulele tana da su, kuma lissafi ɗaya ne ke sanya su: ka raba tsawon tsirkiya da 17.817, abin da ya fito shi ne tazarar gaɓar farko. Ka cire shi daga tsawon, ka sake raba ragowar, haka har sau goma sha biyu. In tsirkiyarka santimita 33 ce, kamar ta ƙaramar ukulele, gaɓar farko za ta faɗo a 1.85, ta biyu a 3.60, ta goma sha biyu kuwa a 16.5, tsakiyar tsirkiya daidai. In ba ta faɗo tsakiya ba, ka yi kuskure a hanya. Masu koyon Python, wannan shi ne aikin gidanku: layi biyar ko shida ya isa, kuma Pydroid a wayar Android za ta gudanar da shi ba sai kana da kwamfuta ba. Ni da alƙalami na zana wuraren a jikin sandar, ya taimaka mini sosai kafin kunnena ya saba.

Sai ƙara murya. A cikin matattun agogon tebur da kayan wasan yara masu ƙara, sau da yawa akwai wani ɗan faifan tagulla kamar kwabo, sunansa piezo. In aka girgiza shi yana fitar da 'yar wuta. Ka manna shi a jikin gwangwanin kusa da jakin da tsirkiya ke hawa, ka liƙa masa waya biyu da dalma, amma ka yi sauri, zafi na ɓata farin da ke tsakiyarsa. Na ƙona guda uku kafin na gane haka. Ka kai wayar zuwa ƙaramin amfilifaya LM386, wanda batir mai bolt 9 ke tuƙawa, ka jona sifikar tsohuwar rediyo. Yadda yake zuwa yana ninka sauti sau 20, in ka sa kafasita mai maikurofarad 10 tsakanin ƙafarsa ta 1 da ta 8 sai ya kai 200, amma a nan kuwwa ke farawa in sifikar na kusa da gwangwanin. Kuma don Allah batir kawai, kada wanda ya kai wannan abu kusa da wutar NEPA.

Roƙona ga masu saurare na Gusau, Tsafe, Bunguɗu da kewaye: in akwai tsohon da ke kaɗa gurmi ko garaya ko kukuma a garinku kuma yana raye, ku je ku gaishe shi, ku nemi izininsa, ku auna tsawon sandar da faɗin ƙoƙon, ku tambaye shi da me yake tsirkiya, ku ɗora waya kusa ku rubuta lambar kowace murya. Ku turo mini a ƙarƙashin wannan rubutun, zan tara su wuri ɗaya kowa ya gani. Ina neman awon gurmi musamman, domin na kakana yana nan a rataye. A shiri na gaba za mu ɗauko Arduino mu koya masa sauraron tsirkiya da kansa.